Kejin Baba Mai Sauro

Tela bai jira a amsa masa sallama ba. Ya tura ƙofar maƙwabcinsa da kafaɗa, gwangwanin maganin feshi a hannu, ya wuce Gwaggo, ƙanwar maigidan, tana wanke-wanke a tsakar gida, ya nufi ɗakin da ke jikin katangar da ta raba gidajen biyu. Da safen nan aka sallamo 'yarsa Auta daga asibiti, kuma ba ita ce kwanciyarta ta farko ba a wannan damina. Yarinya 'yar shekara biyar ta rame ta zama sai idanu. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne kamar wancan karon, ya kuma tambaya ko tana kwana a gidan sauro. Wannan tambayar ce ta tsaya wa Tela a rai tun daga asibiti har gida. Shi za a yi wa wannan tambaya? Shi da ke rufe tagogi tun rana ba ta faɗi ba, shi da ke bin gidan sauron Auta da ido yana neman huda, shi da ke wanke shi da hannunsa duk ƙarshen mako?

Kowa a layin ya san tsohon da ke maƙwabtaka da shi yana kiwon sauro kamar yadda wasu ke kiwon tattabaru. Baba Mai Sauro ake ce masa. An ce aikin bincike ya yi a wata cibiya har ya yi ritaya, ya dawo gida da kayan aikinsa, ƙanwarsa Gwaggo tana kula da shi. Da can labarin yakan ba Tela dariya. Yau kam bai ga abin dariya ba.

Ya ɗaga labule, sai ya tsaya cak.

Ɗakin yana ƙamshi irin na bakin tafki. Fararen farantai ne jere a kan tebur, kowanne da ruwa kaɗan. A kusurwa akwai keji mai girman akwatin talabijin, an yi shi da waya da raga mai laushi, an lulluɓe samansa da jiƙaƙƙen tawul. Tsohon na zaune a gabansa, ya zura hannunsa har gwiwa ta wata kafa ta yadi mai kama da hannun riga. Tun daga wuyan hannun har sama sauro ne suka jeru, kawunansu ƙasa, bayansu a ɗage, cikinsu na kumbura yana yin ja.

"Saki labulen, ɗana, iska na damunsu," in ji tsohon, ko juyowa bai yi ba. "In fesa su ka zo yi, bari su ƙoshi tukuna. Ba daɗi a kashe mai cin abinci."

Tela ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Ya faɗi kwanakin asibiti, da ƙarin ruwa, da yadda Auta ta dinga sambatu ba ta gane uwarta ba. Ya ce katanga ɗaya ce tsakanin wannan ɗaki da gadon 'yarsa, kuma shi ba yaro ba ne da za a ce masa sauro na jin tsoron katanga. Tsohon ya saurare shi har ya kai aya. Sannan ya girgiza hannunsa a hankali, ya zaro shi, ya ƙulle bakin yadin, ya ce ya yi wa yarinya sannu.

Ya ce waɗannan da ke cikin kejin ba su taɓa ganin waje ba, iyayensu da kakanninsu ma ba su gani ba. Ya ce ba a haifar sauro da cuta. Sai ya ciji mai ita yake ɗauka, ya kai wa wani. Nasa kuwa ba su san jinin kowa ba sai nasa.

"To in ba naka ba ne, na wa ne? Gidan sauron Auta ko allura ba ta samu hanya ba. Ɗinki sana'ata ce, Baba."

Tsohon ya nuna tagar da ke gefen kujerarsa. Ta nan ana hango kan katanga. Ya ce duk ƙarshen mako yana ganin farin gidan sauro a shanye a wurin, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, ƙamshin garin sabulu na shigowa har ɗakinsa. Ya tambaya ko da ruwan zafi ake wankin. Tela ya ce da ruwan zafi mana, har ma yakan bi shi da dutsen guga mai ɗumi ta bayan ƙyalle.

"Har da guga," in ji tsohon, kamar mai jin labarin wata ƙasa. "Ɗana, zaren nan da magani ake saƙa shi. Ina zaton ka wanke maganin tas. Yaro kuwa in ya yi barci mirginawa yake, ya jingina hannu da raga. Ba sai sun shiga ba. Ta waje za su tsaya su sha."

Tela ya ji kamar an mare shi. Wato tsabta ce ta zama laifi? Wato shi ne ya kwantar da 'yarsa? Ya ce mai laifi dai ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce shi ma zato ya ce, kuma a aikinsu ba a yanke hukunci da zato. In Tela na son gaskiya, akwai waɗanda za a tambaya. Ya buga saman kejin da yatsa.

Tela ya fita bai fesa komai ba. Da yamma Gwaggo ta shigo da sabon gidan sauro a cikin ledarsa, ta ce in ji Yaya. Maman Auta ta karɓa da godiya. Tela ya shinshina ledar, ya ji warin magani, ya ce abin da ya fito daga wancan gida ba zai rufe masa 'ya ba. Ya cilla shi saman kwaba.

"Baban Auta, ko gwadawa ba ma yi ba?"

Ya ce a'a. Ya rataya tsohon, fari fat, ya soke gefensa ƙarƙashin katifa kamar kullum.

Amma wani abu ya hana shi sakat. Lokacin da tsohon ke ƙulle bakin yadin nan, idon Tela ya ga ɗinkin ya fara warwarewa ta gefe. Washegari yana kan keke a shago, yana ɗinka wuyan riga, ba abin da yake gani sai wannan zare da ya saki. Da ya tashi aiki ya ɗauki allura da zare ya shiga gidan, ya ce shi ba zumunci ya kawo shi ba, ya zo ne ya toshe hanya.

Yana ɗinki yana kallon faranti na kusa da shi. Wasu 'yan abubuwa ne kamar gutsattsarin zare kwance a saman ruwan. Da inuwar hannunsa ta gifta, sai duk suka nutse lokaci guda, can kuma suka taso ɗaya bayan ɗaya. Ya sake gifta hannun. Suka sake nutsewa.

"Sun gan ni ne?"

"Sun ɗauka tsuntsu ne," in ji Baba. "Tsutsotsin sauro ne. Ka ga yadda suke kwanciya miƙe a saman ruwa? Na maleriya ke nan. Na kwata rataye suke, kai ƙasa."

Tela bai taɓa sanin sauro iri-iri ba ne. Ya ce ai sauro sauro ne. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce mai yi maka kuka a kunne, wanda kake tafa wa hannu kana zagi, yawanci ɗan kwata ne, sai surutu. Mai kawo zazzaɓi ba ta cika hayaniya ba, kuma ƙazamin ruwa bai dame ta ba. Ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun tayar mota ya ishe ta. Tela ya tambaya don me yake cewa "ita". Baba ya ce ai matan ne kaɗai ke cizo, don sai da jini suke yin ƙwai. Mazan ruwan fure suke sha, a nan kuwa auduga da ruwan sukari.

"Kada ka faɗa wa Maman Auta," in ji Tela. Gwaggo ta jiyo daga tsakar gida, ta ce ai ko a wajen sauro maza zaman banza suka iya.

Daga ranar, duk yamma sai ya sami abin da zai gyara a ɗakin. Ya sake wa kejin hannu sabo. Ya yi wa tagar labule. A haka ya ji tarihin Baba gutsure-gutsure. Tun yana yaro, shi da wansa a shimfiɗa ɗaya suke kwana, wan ya tashi jiki duk rudu-rudu, shi ko ɗigo babu. Ya tambayi kowa dalili, ba wanda ya sani, sai ya bi tambayar har makaranta, daga makaranta har cibiya. Ya fara da zama a ƙauyuka da wando a naɗe, yana kama duk sauron da ya sauka a ƙafarsa. Ya sha zazzaɓi har ya daina lissafi. Kakannin waɗannan na keji kuwa, shi ya ɗebo su da ludayi daga wani kududdufi tun yana saurayi, kafin a fara fesa magunguna a wannan yanki. Shi ya sa har yau ba su saba da magani ba. Da sun taɓa raga mai magani sai su faɗi. Na waje da yawa sun yi taurin kai. Saboda haka da nasa ake gane ko gidan sauro yana da sauran ƙarfi. Ya ce wata shekara zafi ya kashe na cibiyar kaf, da 'yan ƙwayayen da ya kawo gida a jiƙaƙƙiyar takarda aka farfaɗo da su. Tun daga nan bai yarda ya rabu da nasa ba.

"To ka gano dalilin da suke cizon wan naka?"

"Rabi na gano. Warin ƙafa yana ciki." Ya kalli ƙafafun Tela. "Kai ma za su so ka."

Tela ya lura tsohon na ramewa. Rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa, idon tela ba ya kuskure wannan. Idanunsa sun yi ɗorawa. Wata yamma ya tarar da shi zaune gaban kejin shiru, ƙasan kejin cike da matattun sauro, cikinsu ja. Baba ya ce likitoci sun sa shi a kan wani sabon magani, ga shi jininsa ya koma musu guba. Ya faɗe shi yana murmushi, wai bayan shekarun da ya yi yana neman abin da zai kashe sauro, ashe shi ne.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta tare Tela a zaure, ta buɗe tafin hannunta. Ƙwayoyin magani ne. Ta ce a ƙarƙashin farantin tsutsa ta same su. Yaya ya daina sha, yana jira jininsa ya wanke don ya ciyar da 'yan da suka rage. Ta ce ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ce mata in ba su sami jini ba ba ƙwai, in ba ƙwai ba sababbi, kuma da sababbi ake gwaji. Akwai maƙwabcin da ya yi wa alkawarin amsa.

Tela ya tsaya a zauren ya daɗe. Ya tuna Auta, wadda ta fara cin abinci, ta fara gudu a tsakar gida, kamar yadda ta yi wancan karon kafin zazzaɓin ya dawo. Ya tuna ledar da ke saman kwaba. Damina kuma da sauranta. Ya shiga ɗakin, ya ajiye ƙwayoyin a gaban Baba, ya fara naɗe hannun rigarsa. 

"Sha maganinka, Baba. Amma ka rantse mini ba abin da za su sa mini."

"Su sa maka? Ni tsoron da nake ji kada kai ka sa musu."

Ya sa Gwaggo ta ɗauko wani ɗan abin gwaji, ya soki yatsan Tela, ya ɗiga jinin. Ya ce mutum na iya yawo da ƙwayar cutar lafiyarsa ƙalau, kuma shi ba zai bari a ɓata masa zuri'a mai tsabta ba. Tela ya zauna yana jira kamar mai neman aiki, har ya ji yana addu'a a ransa kada sauro su ƙi shi. Da layi ɗaya ya fito, alamar ba cuta a jininsa, Baba ya ce an ɗauke shi aiki.

Ya zura hannun ya runtse ido. Da farko ba komai sai ɗan sanyin tawul. Sannan ya ji kamar ana ajiye masa gashi ɗaya-ɗaya a fata. Ya buɗe ido ɗaya. Wata ta sauka kusa da wuyan hannunsa, ta taka, ta tsaya, ta canja wuri kamar mai neman inda za ta soka allura a yadi mai kauri. Ta samu. Ya ga cikinta na cika a hankali har haske na ratsa shi. Duk tsawon rayuwarsa yana kashe su, bai taɓa tsayawa ya ga yadda suke yi ba. Ɗaya hannun nasa ya ɗaga da kansa zai kai mari, Baba ya riƙe shi.

A gida Maman Auta ta ga hannun ya yi rudu-rudu, ta riƙe baki. Ta ce mutumin da ke korar sauro da tsintsiya har bakin titi, yau shi ya kai kansa a ci. Ta ce saura ya raɗa musu suna. Auta ta zo ta dinga danna ƙurajen da yatsa tana tambaya ko sun ce na gode.

Ƙwai suka zo, baƙaƙe ƙanana kamar an barbaɗa toka a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Baba ya koma kwance, aka jawo gadonsa kusa da tebur, yana ba da umarni Tela na yi. A ba tsutsotsin garin abincin kifi kaɗan, abin da kan tsinke zai ɗauka. Kada a cika ruwa. A jiƙa tawul. Tela kan leƙo da safe kafin shago, ya dawo da yamma. Ya ga 'yan zaren sun yi kauri, sun dunƙule sun koma kamar waƙafi. Wata safiya ya ga bayan ɗaya ya tsage, wani abu fari ya miƙe daga ciki, ya zaro ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ruwa bai nutse ba. Tela ya manta da shago. Mai kayan da ya yi wa alkawari ya zo ya tafi.

Baba kuwa kullum ƙasa yake yi. Ya daina cin abinci sai ruwa-ruwa. Maganarsa ta koma gajera. Duk da haka da ya buɗe ido kejin yake fara kallo, ya tambayi Auta. Tela yana so sababbin su yi saurin ƙosawa, yana kuma jin kunyar dalilin saurin.

Ranar da Baba ya ce sun isa, da hantsi ne. Tela ya zo da almakashi da gidan sauron Auta. Ya yanko faɗin tafin hannu daga gefen da take jingina, zuciyarsa na cewa wannan ɓarna ce. Baba ya sa aka ɗauko wani ƙyallen raga daga akwati, ya ce irin na cikin ledar nan ne, ba a taɓa wanke shi ba. Aka shimfiɗa kowanne a kan katako, aka kifa masa mazurarin roba. Akwai wani siririn bututu da ake zuƙo sauro da shi da baki. Tela ya ce in ya haɗiye fa? Baba ya ce akwai raga a tsakiya, in ma ya haɗiye, ai jininsa ne ya dawo gida.

Ya zuƙo kaɗan ya hura su cikin mazurari na farko, ya zuƙo wasu ya hura a na biyu. Suka jira 'yan mintuna, Baba na kallon agogonsa da ya yi masa yawa a hannu. Sannan aka mayar da kowane rukuni cikin kofin takarda, aka rufe bakin da raga, aka ɗora auduga mai ruwan sukari. Tela ya ɗaura wa kofin ragar Auta farin zare, ya ɗaura wa ɗayan ja. Ya sunkuya zai leƙa.

"Ba yanzu ba. Wasu suma suke yi su farfaɗo. Gobe war haka." Baba ya lumshe ido. "Duk abin da ka gani, shi ne. Ko ni ne na yi kuskure, ka faɗa mini."

Da la'asar Gwaggo ta leƙo ta kan katanga ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa. Ya tarar numfashin Baba ya canja, yana ja yana tsayawa. Gwaggo na riƙe da hannunsa tana karanta masa addu'a. Tela ya durƙusa ta ɗaya gefen. Hannun tsohon ba nauyi, fatar duk 'yan tabo ƙanana waɗanda suka daɗe da zama launinta. Can ya buɗe ido, ya dubi kusurwa, leɓensa ya motsa. Tela ya kai kunne.

"Tawul ya bushe."

Tela ya tashi ya jiƙa tawul ɗin a bokiti, ya matse, ya shimfiɗa a kan kejin, ya daidaita gefunansa. Da ya juyo, Gwaggo na shafe idanun yayanta da tafin hannu.

Washegari gidan ya cika da masu ta'aziyya. Mutanen layi da suka yi shekaru suna tsokanar tsohon suka zauna jugum, suna mamakin motocin da ke tsayawa a ƙofa. Bayan an dawo daga rakiyarsa, wata mata mai gilashi ta gaisa da Gwaggo, ta ce ita ɗalibarsa ce, yanzu ita ke riƙe da ɗakin sauro a cibiyar. Dakta ake ce mata. Ta nemi a nuna mata kejin. Gwaggo ta ce ga wanda zai kai ta.

Dakta ta ɗaga tawul, ta daɗe tana kallo. Ta ce ta zaci za ta tarar da su sun ƙare, don ta san maganin da aka sa shi a kai. Ta tambaya wa ke ciyar da su. Tela ya ɗan ja hannun riga sama. Ta dubi hannun, ta cire gilashinta ta goge.

Sai idonta ya kai kan kofunan biyu. Ta miƙa hannu.

"Don Allah, Dakta, bari ni in duba. Ni aka bar wa."

Ya ɗauki mai jan zare ya kai bakin taga. Duk suna ƙasan kofin, a kwance, ƙafafu a naɗe. Ya ɗan girgiza, suka gangara gefe guda kamar ɓawon hatsi. Ya ajiye. Ya ɗauki mai farin zare. Kafin ma ya kai shi haske ya ji ɗan siririn kuka. Suna nan rataye a jikin ragar, wasu na shan sukari, ɗaya ta juyo ta zuro bakinta ta ramin raga daidai inda babban yatsansa yake.

Ya zauna a kujerar Baba. Daga nan ana ganin kan katanga sarai, har da wurin da sabulu ya yi wa fari-fari saboda yawan shanya. Dakta ta tambaya ragar wa ce. Ya ce ta 'yarsa ce. Ta fara cewa wani abu game da wanki, ya ce ya sani, an faɗa masa tun ranar farko.

Ita ta tafi da kejin, a kujerar baya, da tawul ɗinsa. Tela ya riƙe mata ƙofar mota, ya ce a kula da ɗinkin hannun, in ya saki a aiko masa. Ya tambaye ta kuma ko an gano sauran rabin, dalilin da sauro ke son wani ya ƙyale wani. Ta ce ana nan ana nema.

Da ya shiga gida ya taka kujera ya sauko da ledar daga saman kwaba. Ya hure ƙurar, ya farke bakin. Warin maganin ya bugi hancinsa. Maman Auta tana bakin murhu, ta ga ya nufi wajen bokiti, ta bi shi da ido. Ya tsaya a kan bokitin. Garin sabulu na nan a kan dakali inda yake ajiye shi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya wuce, ya ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta kaiwa, ya baza ragar ta sha iska kamar yadda Dakta ta ce.

Ragar duk ta yamutse da layin ninki, abin da ba ya iya gani ya ƙyale. Ya kai hannu zai miƙar da ita, ya fasa, ya mayar da hannun aljihu. Auta ta zo ta tsaya kusa da ƙafarsa, ta kama ɗayan hannun, tana danna ƙurajen da suka fara bajewa. Ta bayan katanga ana jin muryoyin masu gaisuwa suna raguwa. Tagar ɗakin Baba a buɗe take, labulen da Tela ya ɗinka yana ɗan motsi.